Yadda Ƙane Ya Girmi Wansa a Kwarbai

Kawuna mai ɗinkin babbar riga ne a Kwarbai, cikin Birnin Zazzau. Ni kuwa tun da na leƙa ajin kwamfuta a Samaru, dangi suka naɗa ni injiniya. Sai na haɗa masa manhajar waya mai ajiye awon mutane: wane aska takwas, wane aska biyu, wa ya biya, wa ya ce sai an yi albashi.

Duk gyaran da na yi sai na raɗa masa suna. Akwai "ta ƙarshe", akwai "ta ƙarshen ƙarshe", akwai "wallahi ta ƙarshe". Wani aboki ya ce in bar rantsuwa in bi tsarin Tom Preston-Werner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa GitHub: lamba uku, kamar 1.4.2, ta farko babban sauyi, ta biyu ƙari, ta uku faci. Ya ƙara da cewa Android na da ɓoyayyar lamba mai suna versionCode, wadda sai dai ta hau, ba ta sauka.

Ƙidaya aikin wahala ne, don haka na umarci kwamfuta ta riƙa ƙera lambar da kanta daga agogonta: shekara, wata, rana, awa, minti. Ta ba ni 2403151230. Ashe Play Store ba ya karɓar abin da ya haura 2,100,000,000. Ban ji kunya ba, domin irin wannan lamba, 2201010001, ita ta tsayar da saƙonni a Exchange na Microsoft ranar 1 ga Janairu, 2022. Na yanke mintin, lamba ta zauna.

Ana saura kwanaki kaɗan Sallah aka ɗauke wuta. Kwamfutar tawa ta gwanjo ce, ɗan batirin agogonta ya daɗe da rasuwa. Da wuta ta dawo, sai ta farka a 2010. Ta ƙera sabuwar manhaja, ta liƙa mata lambar da ta gaza ta jiya. Na tura wa Kawu ta WhatsApp, waya ta ƙi karɓa, wai ƙane ba ya girmar wansa.

Kawu ba mai jayayya da waya ba ne. Ya goge tsohuwar, ya sa sabuwar. Awon mutanen Kwarbai, Kusfa da Ƙofar Doka ya bi ruwa.

"Kai, ɗan nan, ina wuyan Alhaji?"

"Kawu, ku yi haƙuri, agogo ne..."

"Agogo ne zai hau doki ran hawan Sallah?"

Da tef a wuya na bi gida-gida ina sallama ina sake auna manya.

Jama'a, ku bar na'ura ta yi ƙidaya, amma ta ɗora ɗaya a kan lambar jiya, kada ta tambayi agogo. Wanda ya ƙi ji kuma, ya sayi batiri da tef.