Tawali'u Cikin Leda

Ranar Lahadin nan wata baiwar Allah ta miƙe ba da shaida a majami'a, muka gyara zama, a zatonmu wani ne ya warke ko kuwa gero ya yi albarka. Ashe ɗanta ne ya ci kyautar tawali'u a makarantar Lahadi. Ta ce duk faɗin Gafasa, kai har Ajingi da Gaya, ba a taɓa haihuwar yaro mai ƙasƙantar da kai irin nata ba, mai musu ya fito. Ba wanda ya fito. Muka ce amin da ƙarfi, don tuwo na hucewa a gida.

Kyautar dai takarda ce. Uban yaron ya hau babur har Wudil aka manne ta cikin leda, kada damina ta jiƙa tawali'un. Ya kafa mata ƙusa a zaure, daidai inda idon baƙo zai sauka. Kafin ka gama "ina wuni" an karanta maka ita, har da sa hannun malama. Hotonta ya zaga WhatsApp, ya kai ga kawun yaron a Sabon Garin Kano. Na ji ana shawarar yin kwafi, saboda gara. Shi kuwa gwanin, in zai gaishe ka sai ya waiga tukuna. In da 'yan kallo, ya tattare wandon shadda ya zube ƙasa. In babu, ya ɗaga maka hannu kamar ɗan takara a bayan mota. Wanda ya zo na biyu a tawali'u kuma, uwarsa ta daina gaisawa da malamar, wai an yi maguɗi.

Abin a jini yake, ba na ɗora musu duka. Mu mutanen ƙasar Gaya ba ma gama hira da Bakano sai mun tuna masa cewa Abagayawa, maƙeranmu, su suka tashi daga nan suka je suka zauna a gindin Dala. Wato aron gari muka ba shi. Da aka ba Gaya masarauta mai daraja ta ɗaya a 2019, har tafiyarmu ta canza. Aka rushe ta a 2024, aka dawo da ita mai daraja ta biyu, wasu har gobe kalmar "ta biyu" ba ta wuce musu maƙogwaro ba.

Amma a gidan mai shaidar nan fa akwai ɗan riƙo, maraya, sa'an gwanin. Shi ne ɗebo ruwa, shi ne kai awaki kiwo, shi ke wanke shaddar da ake tattarewa. Kwanonsa daban, tabarmarsa daban, ya kira sa'ansa "Yaya" ko ya sha rankwashi. Duk Ista ana karanta mana Yohanna sura 13, yadda Yesu ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, Mama, uwar gwanin, tana sahun gaba tana gyaɗa kai har ɗankwali na zamewa. Su dawo gida, ɗanta ya miƙa wa marayan takalmi ya goge, tana kallo tana murmushi.

Mama, don girman Allah, gobe ki miƙa wa ɗanki jarka ya bi ɗan'uwansa rijiya, in sun dawo ki zuba musu tuwo a kwano ɗaya. Kuma kada ki ɗauki hoto.