Ɗigo Ɗaya Kawai, In Ji Maigida

Iskar da ta rako ruwan farko a makon nan ta yi aikin da ta saba: ta ɗage kwanon rufi, ta ɓalle ƙyauren langa-langa, sannan ta tono mana wani jinsin magidanta daga maɓoyarsu. Su ne waɗanda suka sayo ɗan injin walda mai girman jakar 'yan firamare a Sabon Gari, suka kalli bidiyo uku a YouTube, suka wayi gari da yaƙinin cewa masu walda na bakin titi cutarsu suke yi tun fil azal. Tun ranar Asabar unguwanni ke walƙiya babu hadari. Idan ka tambayi ɗayansu, hujja biyu zai jera maka: yana tattalin kuɗi, kuma ga shi a gida tare da iyali, bai tafi majalisa ba. Ni dai a ganina duka biyun babu ta gaskiya. Waldar maigida sabuwar dabara ce ta barin gida ba tare da an taka soro ba.

A fara da ƙarfen, tunda shi ba ya jin nauyin kowa. Wutar da ke tashi a bakin sandar walda ta haura digiri 3,000, ƙarfe kuwa a wajen digiri 1,500 yake narkewa. Mai kauri yakan shanye zafin ya watsa shi a jikinsa. Marar kauri ba shi da inda zai kai shi, sai ya ɓule. Sandar da ta fi yawa a kasuwa, wadda ake kira geji 12, kaurinta milimita 2.5 ne, alhali kwanon rufin talaka bai kai rabin milimita ba. Wannan ɗinkin gyale ne da basilla. Wanda ya iya yakan rage wuta, ya ɗiga nan, ya tsallaka can, ya dakata ƙarfe ya huce, wani lokaci ya tokara jan ƙarfe ta baya don ya zuƙe zafin. In ya ga abin ya fi ƙarfin sanda sai ya ce a kai wa masu waldar gas, in kuma mai tsoron Allah ne ya ce, "Alhaji, sayi sabo kawai." Maigida bai san wannan jumla ba. Iliminsa na walda kaf a maɓalli ɗaya yake: in bai kama ba, a ƙara wuta.

Ɗauki bokitin ƙarfen uwargida. Hudar da ke gindinsa ba ta wuce ƙwayar gero ba, shekara uku ana toshe ta da ɗan ƙyalle ana ɗibar ruwa lafiya lau, babu wanda ya kai ƙara. Ranar Lahadi da hantsi sai a ji, "Maman Ummi, miƙo bokitin nan, ɗigo ɗaya kawai zan yi masa." Ɗigon farko ya mai da gero wake. Na biyu, da aka yi don gyaran na farko, ya mai da wake goro. Kafin azahar an kai ƙwan zabo, kuma an yi ittifaki cewa laifin bokitin ne, don ƙarfen yanzu ba shi da albarka. Daga nan sai batun faci, facin kuma dole a yanko shi daga wani abu, saboda haka tiren shayi ya yi shahada. Gefen facin ya ɓule wuri huɗu, kowace huda kuma tana da haƙƙin nata ɗigon. Zuwa la'asar bokitin babu ruwa ya kai nauyin da yake yi a dā in an cika shi, ya karkace kamar hular ɗan dambe, kana hango liman ta gindinsa. A nan basira ke sauka: ai wannan da kurfoti ya dace, ga ƙofofin iska nan Allah ya hore. Kurfoti kuwa sai da ƙafafu, ƙafafu sai da rodi, rodi mafi kusa yana jikin keken Abba. Da magariba gidan da ya kwana da bokiti da tire da keke ya mallaki wani abu guda mai ƙafa uku wanda ba ya riƙe ruwa, ba ya riƙe gawayi, ba ya tsayuwa sai an jingina shi da bango. Gyaran gangar Abzinawa ma ganga ɗaya ya ci.

Mai kare su zai ce rayuwa ta yi tsada, kuma sana'a goma maganin mai gasa. Na yarda da tsadar. Amma a zo a yi lissafi: kuɗin inji, kwalin sanduna, injin goga da fayafayansa, waya mai kauri tunda ta gidan ta narke a gwajin farko. Ga wuta, wadda a Afrilun 2024 aka kai wa 'yan Band A naira 225 kan kowane yunit, waɗanda ba sa ciki kuwa sai sun gan ta kafin su biya. In an koma janareta, fetur ya daina wasa da kowa tun 29 ga Mayun 2023, ƙaramin janaretan gida kuma da sanda ta taɓa ƙarfe yake yin tari biyu ya mutu. Duk wannan don gudun 'yan kuɗin da ba su kai na cefanen yini ba. Ƙarshenta ma kayan wurin mai waldar gaske suke komawa, sai dai bayan isha'i, a hannun yaro, an ja masa kunne kada ya faɗi daga gidan da ya fito. Shi kuma ya caji kuɗi biyu, na kankare aikin Alhaji da na yin nasa. Karin maganar ma sana'a ta ce, kuma duk wanda ya san garejin walda ya san yaron shago yakan shekara yana shara da riƙe ƙarfe da sayo wa oga shayi kafin a bar shi ya kama sanda.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, shi ya sa ta fi ba ni haushi. Aƙalla dai yana gida, in ji su. Yana gida kamar yadda rijiya take gida. Mutumin nan kwana shida yana fita yara na barci, ya dawo suna barci. Rana ɗaya tak ta rage da za a nuna masa sakamakon jarrabawa, a tuna masa kuɗin makaranta, a tambaye shi yaushe za a je duba Hajiya. A wannan ranar ce ya samo kayan aikin da ya halatta masa rufe fuska da baƙin gilashi a tsakar gidansa, da wani kuma mai ƙarar da ba a jin ko sallama. Wanda ke majalisa ana iya kiransa a waya, ana iya aika yaro, kuma kunya takan sa ya dawo da tsire. Na bayan gilashi ba a tunkararsa. Uwargida ta taho da magana, tun daga nesa a daka mata, "Kada ki matso, wuta!" Ta jira ya ɗaga gilashin, ya ce minti biyar, minti biyar ɗin walda kuwa ƙanwar "ina zuwa" ce. A ce an yi mata kishiya da sauƙi, don kishiya tana da ranar girki, kuma shari'a ta san da rabon kwana. Wannan kuwa ta shigo a kwali, ta kwashe Lahadi duka, har godiya ake jira a yi.

Sai masu cewa yara na koyon sana'a a gindin ubansu. A nan dariya ta ƙare mini. Abin da yaro ke yi shi ne tsayawa ya ƙura wa hasken ido, don babu yaron da zai ga walƙiya a tsakar gida ya juya baya. Hasken nan ƙona saman ƙwayar ido yake yi, kuma ba ya nuna kansa sai bayan sa'o'i, cikin tsakar dare, yaro ya farka yana ihu kamar an zuba masa yashi a ido. Wa ke tashi? Ba injiniya ba, shi ya gaji, ya yi aiki. Kwanon rufi da bokiti kuma shafe suke da tutiya, wadda ke tafasa a digiri 907 ta tashi farin hayaƙi, wanda ya shaƙa ya kwana da zazzaɓi da ciwon jiki, gari ya waye a ɗora wa sauro laifi. Hausa ta yi gaskiya da ta ba ƙarfen da halin suna ɗaya: da rana tutiya a baki, da dare tutiya a ƙirji. Ban ma zo kan gwanin da ke kallon tsohon duron fetur yana ganin tankin ruwa ba. Kuma a gwada juya hoton: malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya da ta yi aikin mako, ta ce yau Lahadi ba girki ba wanki, sha'awar walda ta taso mata, kowa ya matsa. Kafin la'asar an kira waliyyinta.

Amma don adalci, akwai inda maigida ya yi gaskiya: ƙarfen yanzu ya rame. Kwanon da kakanninmu suka rufa ɗaki da shi yana nan ana shanya kuɓewa a kansa, na bana kuwa ɗan yatsa ke lotsa shi. Ƙofar gida fenti ne ke riƙe da ita. Baro ana saye da rani a yi masa ta'aziyya da damina. Tun 1979 aka ƙulla yarjejeniyar gina kamfanin ƙarfe na Ajakuta da Tarayyar Sobiyet, Sobiyet ɗin ta ruguje a 1991, babban murhun kamfanin bai narkar da tama ba har yau, ga shi an haifi jikoki a kan alkawarin. Mu kuwa duk wani ƙarfe mai nauyi da muka gada, gadon amaryar dā, tsohon keken ɗinki, murfin kwata in dare ya yi, muna ɗora shi a sikeli, manyan motoci su kwashe, a dawo mana da abin da iska ke naɗewa kamar tabarma. A cikin wannan ciniki duka mutum ɗaya ne bai taɓa faɗuwa ba, wato ɗan gwangwan mai tura kura, don shi a kilo yake saye, bai damu da ko abu na riƙe ruwa ba. Bokitin Maman Ummi da a dā ba zai ko tsaya ya kalla ba, yanzu ya sha rabin kwalin sanda, ga tire a manne, ga ƙafar keke. Shi ya sa 'yan kwanakin nan ba ya ɓata lokacinsa a bola. Litinin da sassafe yake shigo layi, ya bi gidajen da aka ga walƙiya jiya, ya yi sallama da ladabi, ya tambaya ko Alhaji ya gama gyaran.