Ni da Jitar Lantarki

Leo Fender, Ba'amurken da ya fito da jitar Stratocaster a 1954, har ya bar duniya bai iya kaɗa jita ba. Mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, makaɗa na kawo masa amfilifayarsu gyara, daga nan ya tsunduma cikin harkar. Wannan labari kullum yana aljihuna, ina zaro shi duk sanda wani ya tambaye ni ina aka kwana a maganar kiɗana. Ni da Fender jirgi ɗaya ya kwaso mu. Bambancin kawai, shi rashin iyawarsa arziki ya jawo masa, nawa kuwa albashina ya cinye.

Abin ya samo asali ne daga wani bidiyo da abokin aikina ya turo mini na Mdou Moctar, Ba'abzinen nan na Nijar, bahago, wanda jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke ya harhaɗa ta. Daga shi na faɗa kan Bombino na Agadas, daga nan sai Tinariwen na Mali, waɗanda suka ci Grammy a 2012. Na zauna na yi lissafi irin na ma'aikacin gwamnati. In mai wayar birki ya zaga duniya, ina ga mai albashi? Ga marigayi Ɗan Maraya Jos, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tal ya cika ƙasar nan da suna. Jita kuwa tsirkiyarta shida. Ko yaya aka raba, ribar tana wajena.

A Sabon Gari na samo ta, kwaikwayon Stratocaster ɗan Sin, ja wur, tana ƙyalli. Mai shagon ya haɗa mini da wata 'yar amfilifaya ta gwanjo, ya rantse daga Amurka ta zo kai tsaye, kuma a wannan karon gaskiya ya faɗa. Na bari sai bayan isha na shigo da kayan a buhu, amma Hajiya mahaifiyata ba ta barci da wuri.

"Kai, wannan wane irin molo ne?"

"Jita ce, Hajiya, ta lantarki."

"To, madalla. Kakanka malami, ubanka ɗan kasuwa, kai kuma da furfura a gemu za ka buɗe mana ƙofar roƙo. Ranar da aka gayyace ka biki ka gaya mini da wuri, in tafi ƙauye."

Fulogin amfilifayar mai faffaɗan haƙori biyu ne, ya ƙi shiga soket. Wannan ƙaramin abu ne ga mai dabara, na sayo adafta wajen mai tebur. Na jona, na kunna, 'yar jar fitila ta kawo, ta dube ni, ta yi fus. Wani siririn hayaƙi ya fito ta baya, ɗakin ya ɗauki warin ƙonanniyar roba.

Tsohon mai gyaran rediyon bakin kasuwarmu ya juya ta, ya sa tabarau, ya nuna mini wani rubutu da farcensa. "Ranka ya daɗe, me aka rubuta nan?" An rubuta 120V. Wutar Amurka ke nan, tamu kuwa 230 ce, kusan ninki biyu. Na ce masa rubutu mai muhimmanci irin wannan bai kamata a yi shi da ƙananan baƙi a bayan kaya ba. Ya ce haka ne, ya faɗi kuɗin sake naɗa taransifoma. Sai da na nemi wurin zama.

Da ta dawo gida na fuskanci maɓallai. A jikin jitar akwai uku na murɗawa, ɗaya na ƙarar murya, biyu na kaifin sauti, kowanne da lamba har 10, ga kuma wata 'yar lifa mai tsayawa wuri biyar. A ƙarƙashin tsirkiyoyi akwai fikof guda uku, wato maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla zagaye dubbai. Tsirkiyar ƙarfe na girgiza a kansa, sai ya haifar da 'yar wutar da amfilifaya ke kumburawa ta zama sauti. Ita ma amfilifayar da nata maɓallan, har da wani da aka rubuta wa Gain. Tun ina firamare na san goma bisa goma ita ce makin kirki, don haka na kai kowanne 10, na ja kujera na zauna gaba da gaba da lasifika.

Ban ma taɓa tsirkiya ba. Wata ƙara mai tsini ta taso tun daga ƙasa, ta yi sama, ta ƙi sauka. Yadda abin yake, sautin lasifika ne ke girgiza tsirkiya, fikof ya ji ya mayar wa amfilifaya, ita kuma ta ƙara masa ƙarfi ta sake turowa, haka za su yi ta yi har sai wani ya raba su. Uwargida ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Maƙwabcina ya buga ƙofa ba ko sallama, ya ce shi ya ɗauka injin markaɗe ne ya kama hannun wani. Na yi masa bayani cikin natsuwa cewa Jimi Hendrix da gangan yake fitar da wannan ƙara, kuma mutane na biyan kuɗi su ji. Ya ce shi ma Jimi ɗin ai ba a layin nan yake zaune ba.

Na rage murya, ƙarar ta tafi, sai gurnani ya maye gurbinta, wani zzzz da ba ya gajiya. Irin wannan fikof mai naɗi ɗaya kwashe-kwashe gare shi. Wutar gidajenmu tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, shi kuwa duk inda ta bi sai ya jiyo ta, a fanka, a sitabilaiza, a cajar waya, a dogon ƙwan fitila. Saboda wannan ciwon ne Seth Lover na kamfanin Gibson ya ƙirƙiro fikof mai naɗi biyu masu kashe gurnanin juna, wanda ya hau jitar Les Paul a 1957. Ni tawa ba ta da shi. Abin da na gano da kaina shi ne gurnanin na raguwa in na juya jikina, kuma wurin da ya fi yin shiru shi ne in na fuskanci kusurwar da ke bayan firji. Nan na mayar da kujerata. Uwargida ta leƙo ta gan ni na ba ɗaki baya, na sa goshi a bango, sai ta je ta gaya wa Hajiya wai ina fushi da mutanen gida.

Akwai kuma daren da aka ɗauke wuta na ta da janareta. Ƙafata ba takalmi a kan siminti, na ɗora hannu a tsirkiya, wuta ta ja ni har sai da na ambaci sunan Allah da ƙarfi. Tsirkiyoyin jitar lantarki a haɗe suke da wayar ƙasa ta amfilifaya, shi ya sa gurnani ke raguwa in ka taɓa su. In kuwa soket ɗin gidan ba shi da wayar ƙasa, kuma wuta na yoyo a cikin amfilifayar, to mai kiɗan ne hanyar da za ta bi. Wannan ba abin wasa ba ne, ya kashe makaɗa a kan dandamali. Mai gyaran rediyo ya zo har gida ya kafa ƙarfe a ƙasa ya ja waya, ya kuma ba ni shawarar in riƙa sa silifas. Hajiya ta ce ko wutar ma ta san abin bai dace da ni ba.

Duk wannan ban kaɗa komai ba tukuna. Na sauke manhajar saita sauti a waya. Tsirkiyoyin daga mai kauri zuwa siririya E, A, D, G, B, E suke, kuma wai siririyar da ke can ƙasa ita ce ta ɗaya, mai kaurin da ke sama ita ce ta shida. Ina kaɗa ta biyu ina murɗa kunnenta, allurar manhajar ta ƙi motsi. Na ƙara murɗawa, shiru. Na ce lallai manhajar ta bogi ce, na ƙara. Tas! Ta ɗaya ta tsinke ta tsarge ni a bayan hannu. Kunnuwa shida ne jere a gefe guda, kowanne kamar ɗan'uwansa, kuma babu wanda aka rubuta wa suna. A shago aka ce ba a sayar da ɗaya, sai dai saiti.

Kod na farko da kowa ke koya shi ne Em, don yatsa biyu kawai yake ci. Na sami zanensa: layuka shida a tsaye, ɗigo biyu a gida na biyu, wato tsakanin ƙarfe na ɗaya da na biyu a wuyan jitar. Na ɗora yatsu, na shafa, sai ga sauti mai daɗi. Na yi ta kaɗa shi safe da yamma, na kira yara na ce su saurari Em, har na tura wa abokin aikin nan nawa a WhatsApp.

Daga baya mai shagon ya haɗa ni da wani saurayi da ke kaɗa jita a coci, siriri, mai ladabi, ɗan cikina a shekaru. Ya ce in kaɗa masa abin da na iya. Na gyara zama na ba shi Em. Ya dubi hannuna, ya dubi rufi, ya ce, "Oga, wannan A ce da ta rasa yatsa ɗaya." A zanen, layin hagu shi ne tsirkiya mai kauri. Em na son yatsu a kan ta biyar da ta huɗu, nawa kuwa suna kan ta uku da ta biyu. Na ce masa mai zanen ya kamata ya sa kibiya. Ya ce haka ne, Oga. Na lura duk wanda nake biya kuɗi da haka ne yake fara amsa mini.

Daga nan aka shiga wahala ta gaske. Farce ya tafi, don da kan yatsa ake dannawa, a tsaye, dab da bayan ƙarfen gidan, ba a kansa ba. Am da sauƙi. D tana cusa yatsu uku a ɗan wuri, kuma ba a taɓa tsirkiya ta shida da ta biyar. C tana miƙe hannu daga gida na ɗaya zuwa na uku, kuma duk sanda na daidaita yatsan da ke gida na uku sai cikinsa ya kwanta a kan tsirkiyar maƙwabta ta yi tuf. Daga C zuwa G kuwa tafiya ce mai nisa. Kafin yatsuna su isa, yaron ya gama ƙirga huɗu, ya sha ruwa, ya duba wayarsa. Kan yatsuna ya yi ja, ya tsage layi-layi, tuwo mai zafi ya gagare ni taɓawa. Yaron ya ce in yi haƙuri, kanta za ta fito. Ga hunturu ya shigo, katakon wuyan jitar ya bushe ya tsuke, bakin ƙarafan ya leƙo ta gefe yana yankar tafin hannu.

A nan ne na koma wa maɓallaina, don su ba sa ciwo. Duk sanda C ta yi tuf, sai in sa hannu in murɗa na kaifin sauti daga 10 zuwa 7, in sake kaɗawa, in gyaɗa kai. In G ta ƙi, in kai shi 4. Na kai ga ina da ra'ayi mai ƙarfi a kan bambancin 6 da 7, har na yi wa uwargida lacca a kai tana tsintar shinkafa. Ran nan na nuna wa yaron, na ce ya ji yadda 6 ta fi taushi. Ya saurara da kyau. Sai ya nuna lifar, wadda tun ranar farko take can ƙarshen ƙasa, a kan fikof na gindi.

"Oga, a irin haɗin wayar wannan jitar, fikof ɗin nan ba shi da maɓallin kaifi. Na farkon na fikof ɗin wuya ne, na biyun na tsakiya. A inda lifar take, ko cire su ka yi ka sa a aljihu sautin ba zai canja ba."

Ya ƙara da cewa ko a inda suke aiki ma, ba sa ƙara komai. Jitar ba ta da batir. Maɓallin da 'yar kafasitarsa zubar da kaifin sauti kawai suke yi, a 10 kusan sun bar shi yadda yake, in ka sauko su rage. Ya tura lifar mataki ɗaya sama, inda fikof biyu ke aiki tare, sai gurnanin nan da ya tsare ni a bayan firji ya ɗauke ɗif, don na tsakiyan an naɗe shi ne a juye. Fender ma da lifa mai tsayawa uku ya fara, makaɗa ne suka riƙa maƙale ta a tsakani, sai a 1977 kamfanin ya mayar da ita biyar. Na ce masa ni kunnena na jin abin da na'ura ba ta ji. Ya ce haka ne, Oga, mu gwada F.

Ita F, manuniya ake shimfiɗawa ta danne tsirkiya shida gaba ɗaya a gida na ɗaya, inda suka fi tauri, sauran yatsu uku kuma su nemi wurinsu. Na danna har jijiyar wuyana ta tashi. Cikin shida, ɗaya ta yi magana. Yaron ya nuna mini ƙaramar F mai tsirkiya huɗu, wadda manuniya ke danne biyu kawai. Na ce ni ba na son ta yara. Yanzu dai duk waƙar da ke da F na yanke shawarar ba ta dace da salona ba, kuma abin mamaki, waƙoƙi da yawa ba su dace da shi ba.

Ana haka matar maƙwabcin nan nawa ta haihu. Ana jibi suna sai ga shi da sallama har da zama, ya gaishe da Hajiya, ya ce wata alfarma ya zo nema a kan kayan kiɗan nan nawa. Na dubi uwargida, na dubi Hajiya. Na ce masa ai maƙwabtaka ta wuce haka, ina da Em ta gaskiya, ina da Am da D, in an ba ni lokaci tsakani har C ina iya kaiwa.

Ya ce, "Allah ya saka da alheri, Malam. Amfilifayar muke so, liman zai yi addu'a kuma muryarsa ba ta kai zaure. Ita jitar ka bar ta ta huta."

Hajiya ta ce a haɗa masa da silifas ɗin.