Jiniyar Alhaji Ba Ta Jin Bari

A Mubi arziki yana da matakai, kuma kowa ya san jerinsu ba tare da an koya masa ba. In Allah ya buɗa wa mutum a kasuwar shanu, ko kaya suka fara shigo masa ta Sahuda ba tangarɗa, da katanga yake farawa: ya ƙara mata layin bulo, ya dasa mata fasassun kwalabe. In buɗin ya ƙaru, kwalabe su sauka, waya mai ƙaya ta hau. Sai ƙofar ƙarfe, sai sola a kan rufi. Abin da ake yayi yanzu kuwa jiniya ce, na'urar nan da ke kurma ihu in ɓarawo ya shigo. A bangon waje ake maƙala ta, daidai inda mai wucewa zai ɗaga kai ya gani, domin a wurinmu abin da maƙwabci bai gani ba, asarar kuɗi ce.

Ba son tsaro nake wa dariya ba. Garin da Boko Haram suka shiga a ƙarshen Oktoban 2014, har suka sake masa suna, jama'a suka taka sayyada zuwa duwatsun Kamaru da hanyar Yola, ba a koya masa darajar kulle ƙofa. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya daka tsalle. Abin dariyar yana zuwa ne bayan an saya.

Wani Alhaji a layinmu ya kafa tasa. Rannan cikin zafin bazara, wajen ƙarfe biyun dare, ba wuta, inbata ta gaji da ɗaukar firji biyu da fankoki ta kwanta, sai jiniya ta tashi. Kafin ka ce kwabo layi ya cika: mai gora, mai adda, mai tocilan, 'yan banga da bindigar toka, har da wani da ya fito riƙe da murfin tukunya, Allah kaɗai ya san me ya yi niyyar karewa da shi. Aka duba bayan tanki, aka leƙa ɗakin kaji. Babu ɓarawo. Alhaji ya fito da singileti, hula a karkace, ya ɗaga rimot sama ya danna. Ihu ya ci gaba. Ya koma ciki ya buga lambar sirri, madannin ya ce ƙit, alamar ya karɓa. Jiniya ko a jikinta.

Nan take majalisar injiniyoyi ta zauna. Mu dai Allah ya yi mu, ba ma iya ganin abu ya lalace mu ce ba mu sani ba. Shawara ta dinga zuba da Hausa da Fulatanci, ana tsoma Gude da Margi. Direban Keke Napep ya ce a cire fiyus. Mai cajin waya ya ce a kashe a kunna, don shi duk ciwon duniya maganinsa ke nan. Wani ya ce a watsa mata ruwa ta huce. Wani dattijo ya gyara murya ya ce shi tun ana haƙa harsashin gidan ya faɗa, akwai tsamiya a wurin, kuma masu wurin ba a sallame su ba. Daga bayan labule Hajiya ta ce, “Alhaji, ni dai na gaya maka tun da aka kafa abin nan idon mutane ke kanmu.” Mutanen da ake nufi suna tsaye a tsakar gidan da goruna a hannu, sun fito ceton ta.

Aka nemi takardar bayanin da ta zo da na'urar. Ai tun ranar farko ta bi kwali, kwalin kuma yana wurin mai ƙosai ana fifita wuta da shi. Aka kira wanda ya zo daga Yola ya haɗa, wayarsa a kashe.

Daga nan wani dillalin shanu, mutumin da ya saba gama magana da wuƙa, ya ce, “Ku kauce. Abin da ba ya samun wuta ai ba ya kuka.” Ya laluba wayar da ta fito daga cikin gida ta haura bango, ya datse ta ƙat, ya juyo yana jiran tafi. Ko numfashi jiniya ba ta ja ba.

Duk wannan abin da ake yi, akwai wani yaro ɗan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Mubi, mai karatun lantarki, yana gefe yana cewa, “Baba, don Allah kar a yanke.” Aka ce ya yi shiru manya na magana. Sai da wuƙa ta kasa aka tuna da shi.

Bayaninsa bai fi a faɗa a tsaye ba. Jiniyar da ke waje tana da ɗan batirinta a ciki. Akwatin da ke cikin gida, wanda shi ne uwar na'urar, kullum yana aika mata da wuta bolt 12, kuma wannan wutar ce ke riƙe mata baki. Da zarar ta yanke, ko ta yi rauni sosai, jiniya za ta ɗauka ɓarawo ne ya tsinke waya, ta koma kan batirinta ta yi ta kwarmato. Da gangan aka ƙera ta haka, don kada ɓarawo ya zo da almakashi ya gama da ita. Wato dillalinmu ya yi mata ainihin abin da aka horar da ita ta yi wa ihu. Shi kuma akwatin na ciki yana da batirin ko-ta-kwana, wanda a ƙasar sanyi ma shekara 3 zuwa 5 yake yi, balle a zafin Mubi da yawan ɗauke wuta. Na Alhaji ya kumbura, saura ɗan numfashin da zai sa madanni ya ce ƙit, amma ba wanda zai kai bango.

Yana cikin bayani wani ya jingina tsani zai hau ya buɗe murfin. Yaro ya riƙe masa ƙafa. Ashe a ƙarƙashin murfin akwai wani ɗan makunni mai tsaron a-taɓa-ni, wanda ba ruwansa da an kunna na'ura ko an kashe, dare da rana a faɗake yake. Murfi ya ɗaga, ko ƙusa ɗaya ta saki, ko iskar farkon damina ta girgiza shi, shi ke nan. Lambar sirri tana sallamar masu gadin ƙofa da taga ne kawai, wannan ba ya tashi daga aiki. Abin da ya dace, in ji yaron, a tayar da janareta, a haɗa wayar da aka yanke, a bar akwati ya samu wuta, sannan a sake buga lamba. Dattijon tsamiya ya ce to ai duk ɗaya ne, su ma mutanen ɓoye ta waya suke bi.

A Ingila, wata dokar 2005 ta ba ma'aikatan ƙaramar hukuma ikon zuwa su rufe bakin jiniyar da ta yi minti 20 tana ihu ba tsayawa, kuma jiniyoyin kirki suna da agogon da ke katse su da kansu. Ta Alhaji ta araha ce, sai batiri ya ƙare. Dokarmu kuwa ita ce kunya. Da safe kowa ya zo da jajayen idanu yana cewa, “Alhaji, ya gajiyar jiya? Haba, ba komai wallahi, ai tsaronmu ne duka.” Sai an kai teburin mai shayi ake buɗe littafin: ina ya samu kuɗin, wa ya taɓa bai wa ko sisi, me ma ke cikin gidan da har sai an tashi unguwa. Mutumin da ya ɗaga katanga har maƙwabta ba sa jin sallamarsa, yau ya sayo abin da aikinsa kawai kiran maƙwabta.

Suka kuwa daina amsawa. Bayan wancan daren ta sake tashi saboda tsaka ta bi ta fuskar idon da ke gano motsi, ta sake tashi saboda gizo-gizo ya yi saƙa a kansa, ta kuma tashi da ƙofa ta kumbura da ruwan sama, maganaɗisun jikinta ya goce daga abokinsa. Masu goruna suka koma suna juya kwanciya. Matan layi suka mai da ita sanarwar ɗauke wuta, yara suka haddace muryarta suna yi a hanyar Islamiyya. Maigadin gidan ma, wanda aka so a rage wa albashi tunda na'ura ta zo, ya koyi barci a ƙarƙashinta da auduga a kunne.

Da abin ya ishi Hajiya aka sake kiran ɗan makaranta. Ya ce a sayi sabon batiri. Alhaji ya tambaya ko babu na hannu. Aka yi ciniki kamar ana sayen bijimi a tike, daga ƙarshe aka sayo. Yaro ya ɗaure murfi, ya share saƙar gizo, ya daidaita maganaɗisu, aka sallame shi da “Allah ya yi albarka” da kuɗin Napep. Zai fita ya ce, “Baba, saura abu ɗaya. Lambar sirrin nan har yanzu 1234 ce, wadda ta zo da ita daga kamfani. Duk wanda ya tsaya a bayanka daren nan ya gani.”

Alhaji ya ce wannan magana ce ta hankali, ya canza a take. Bayan la'asar ya shaida wa majalisa cewa yanzu ko shi kansa ba zai manta ba, don lambar motarsa ya sa. Motar tana fake a ƙofar gida.