Kwana 14: Ire-iren Masu Zille wa Killacewa

A ƙarshen watan Maris na 2020, wata guda bayan wani Ba'italiye ya sauka Legas da cutar korona a jikinsa, Ministan Yaɗa Labarai Lai Mohammed ya fito ya ce gwamnati na neman mutum 4,370 ido rufe. Ba su saci ko allura ba. Abin da ya haɗa su kawai shi ne sun yi cuɗanya da wanda gwaji ya nuna yana da cutar. Ministan ya koka cewa wasu da suka dawo daga ƙasashen waje sun cike fom a filin jirgi da adireshin ƙarya da lambar wayar da ba ta shiga.

Abin da jami'an lafiya ke nema a wurin mutum a lokacin bai wuce uku ba: ya faɗi waɗanda ya haɗu da su, ya zauna a ɗaki kwana 14, ya kuma yarda a zura masa ɗan tsinke a hanci. Hujjarsu ita ce ƙwayar cutar kan yi kwana biyu zuwa 14 a jiki kafin ta nuna kanta, kuma mutum na iya raba ta ga jama'a tun bai fara tari ba. A takarda abu ne mai sauƙi. Da aka kawo shi ƙasar da zumunta a ƙafa take, sai halin kowa ya fito fili.

Mai adireshin bogi shi ne ya buɗe fage. Ya rubuta cewa yana Unguwa Uku, bayan gidan mai, daura da inda ake sayar da rake. Abin da ya cece shi, ko mai gaskiya a cikinmu haka adireshinsa yake, don haka jami'i bai da yadda zai bambance maƙaryaci da ɗan unguwa. Lambar waya kuwa ya cire ɗaya, ta zama goma maimakon goma sha ɗaya. In aka yi dace aka samo ta gaske ta wurin wani, zai ɗauka da sallama mai kyau.

"Wa ake nema? Ayya, yanzun nan ya fita. Ƙaninsa ne."

Muryar tasa ce, har da tarin.

Alhaji babba ba ya irin wannan ƙaranta. Shi ya amince da killacewa ɗari bisa ɗari, har ya sa yaronsa ya rubuta a Facebook cewa ya killace kansa, a taya shi da addu'a. Kafin la'asar falo ya cika da masu dubiya. Kowa ya durƙusa ya kama hannunsa da hannu biyu: "Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara sauƙi." Ga direba, ga kuku, ga mai wankin mota, ga ƙanin matarsa da ya zo daga ƙauye neman kuɗin taki, ga maroƙin da ya ji labari a gari. In jami'i ya yi ƙarfin hali ya ce, "Yallaɓai, ai wannan ba killacewa ba ce," sai Alhaji ya dube shi da mamaki ya ce ai duk 'yan gida ne. A iliminsa cutar baƙo take kamawa.

Kada a ga laifinsa da yawa, yana da inda ya koya. Ranar 18 ga Afrilu aka yi jana'izar Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, Allah ya jiƙansa, a maƙabartar Gudu da ke Abuja. Korona ce ta yi ajalinsa. Duk ƙasar ta kalli talabijin ta ga manyan da ke yi mata wa'azin ba da tazara kullum sun cunkushe kafaɗa da kafaɗa. Daga baya aka ce wa waɗanda suka halarta su ma su koma gida su yi nasu kwana 14. Talaka ya gani, ya ajiye a ransa.

Amma duk cikin taron nan ba wadda ta kai Hajiya gajiyar da alƙalamin jami'i. Hajiya ba ta ƙarya, ba ta ɓuya, har ruwa take kawo wa baƙi.

"Hajiya, a 'yan kwanakin nan wa da wa kika haɗu da su?"

"Ɗan nan, ni ina nake zuwa? Kullum ina gida."

Jami'i ya fara murna zai rufe fom. Sai ta tuna cewa ranar Talata ta ɗan leƙa suna a Gwammaja, ko zama ba ta yi ba, jaririn kawai ta ɗauka. Laraba ta'aziyya a Fagge, wannan kuwa dole ce. Alhamis kamu, Juma'a yinin biki, Asabar kai amarya, su goma sha ɗaya a mota ɗaya, biyu a kan cinyarta. Lahadi ta koma gidan rasuwar saboda sadakar bakwai, a hanya ta biya asibiti duba 'yar maƙwabciya. A wurinta duk wannan ba ya cikin fita. Fita ita ce zuwa kasuwar Kwari, kuma rabonta da Kwari tun kafin a rufe gari. In aka nemi sunayen matan da ta gaisa da su, za ta ba da su tsaf: Maman Abba, Maman Ummi, Yaya Babba, Amaryar gidan Alhaji, da wata doguwa mai jan mayafi. Da aka ce ta zauna a ɗaki mako biyu, ba ta yi musu ba, ta ce to. Sai dai jibi akwai buɗar kai, an riga an ɗinka anko, kuma bikin dangin miji ne. Hajiya ta yi lissafinta tun kafin jami'i ya kai ƙofa: annoba za ta zo ta wuce, gorin dangin miji kuwa har jikoki sai sun ji shi. Ni dai ban ga masanin lafiyar da ya kawo amsar wannan hujja ba.

Akwai kuma malamin lissafi. Shi ya karɓi kwana 14 hannu bibbiyu, sai dai da nasa kalandar. Dare da rana kwana biyu ne. Juma'a ba ta shiga ƙidaya. Fitar asuba ba fita ba ce, don gari bai waye ba, haka ma hirar dare a teburin mai shayi. Da gwamnatin Kano ta sassauta dokar kulle a watan Mayu ta ce a fita sayen abinci Litinin da Alhamis, sai ya ɗauka cewa an yi sulhu da cutar a waɗannan ranaku. Ya shiga ɗaki ran Asabar, ran Talata ya fito yana karɓar barka.

Likitan WhatsApp ba ya buƙatar gwajin kowa, ya riga ya gwada kansa: ya riƙe numfashi daƙiƙa goma bai yi tari ba. Yana da saƙon murya daga wani ƙwararren likita a Indiya wanda ba a taɓa jin sunansa ba, ɗan'uwan abokinsa ne ya turo. Maganinsa citta da tafarnuwa da lemon tsami da kanumfari, a bi da surace har sai ido ya yi ja. Ya tabbatar cewa cutar ba ta iya zafin Afrilu na Kano. In zazzaɓi ya kwantar da shi, na cizon sauro ne. In ya ƙi sauka, taifot ne. In ya daina jin ƙamshin miya, uwargida ce ta rage daddawa. Wannan bawan Allah yana da tarihi: shi ne ya tashe mu da tsakar dare a watan Agustan 2014 ya ce mu yi wanka da ruwan gishiri saboda Ebola, kuma har yau yana ganin shi ya ceci ƙasar.

Shi kuwa mai tawakkalin zaɓe, da ka ambaci killacewa sai ya ɗaga yatsa sama ya ce kowa da ranarsa. Gaskiya ne. Amma shagonsa kwaɗo uku yake sa masa, babur ɗinsa da sarƙa yake kwana, kuma in kare ya biyo shi a lungu ba ya tsayawa ya duba ko ranar ce. In ka tuna masa cewa Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka a can, kuma Annabi (SAW) ya hana shiga garin annoba ko fita daga cikinsa, sai ya gyara hula ya ce wannan magana ce ta malamai, shi ba ya shiga abin da bai sani ba. A waɗancan watanni na 2020 har ɗawafi aka taƙaita a Makka, Hajjin shekarar ma 'yan tsiraru mazauna Saudiyya kaɗai suka yi. Shi dai bai ga dalilin da zai hana shi musabaha da sahu guda ba.

Masanin majalisa ya fi su duka baki. Yana kan benci tun hantsi, kuma ya gano bakin zaren: korona kasuwanci ce, kowane suna da aka rubuta akwai kuɗin da ake biya a kansa, shi kuwa ba za a ci da sunansa ba. Yana da gwamna guda a bayansa, Yahaya Bello, gwamnan Kogi na lokacin, wanda ya daɗe yana musun cewa cutar ta shiga jiharsa. Kalmarsa kullum ita ce, "A nuna mini gawa." A watan Afrilun 2020 masu haƙar kabari a Kano su ne suka fara cewa aiki ya yi musu yawa, dattawa da malamai da sarakai suna ta tafiya a jere. A watan Yuni Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu a wancan ɗan tsakani, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama korona ce sanadi. Masanin ya halarci jana'izar da yawa daga cikinsu. Ya ce zafi ne da azumi.

Sai dai a yi masa adalci, zarginsa ba daga sama ya faɗo ba. Kano ba ta manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau, aka yi shekaru ana shari'a. Sannan a watan Oktoban 2020 jama'a suka fasa rumbuna a jihohi da dama suka tarar da kayan tallafin korona jibge, alhali an ce an raba. Ranar nan masanin bai yi magana ba. Ya dai ɗaga gira, ya sa aka ƙaro masa shayi.

Mai gudu ba ya jayayya. Da ya ji an ce motar jami'an lafiya ta shigo layi, ya bi ta katangar baya. An rufe iyakokin jihohi, amma shi ya san direban tirela, ya kwanta tsakanin buhunan albasa har garinsu. Can ya sauka gidan kakarsa mai shekara tamanin, wadda ita ce irin mutanen da cutar ta fi kayarwa, ya ce ya zo ne ya huta. Irinsa ne ya kusa ɓata aikin 2014. A wancan karo an bibiyi mutum kusan 900 da suka yi cuɗanya da masu Ebola, gida-gida, kullum ana auna zafin jikinsu, aka tsayar da cutar a kan mutum 20. Amma mutum guda da ya sulale daga Legas zuwa Fatakwal ya kai ta can, likitan da ya duba shi a ɓoye ya rasu.

Ɗan sa-ido kuma ya haddace lambar hukuma. Duk wanda ya yi atishawa a layin, ya kai rahoto. Da aka zo aka ce ai shi ma sun ci tuwo kwano ɗaya da mai cutar, sai wayarsa ta faɗa ruwa.

Akwai wanda alƙalamina ya ƙi yi wa dariya. Ɗan dako a kasuwar Singa, mai tura ruwa, ɗan adaidaita da ke biyan balas kowace yamma, mai wankau, mai soya ƙosai a bakin titi. Jami'i ya ce masa ya shiga ɗaki shi kaɗai, da banɗakinsa daban, da kwanonsa daban. Ya waiwaya ya dubi ɗakin: ciki ɗaya ne, mutum bakwai, banɗaki kuma na gidan haya ne gaba ɗaya. Bai kawo hujjar kasuwanci ba, bai kawo ta citta ba. Tambaya ɗaya ya yi: "To Malam, in na zauna, wa zai ba su abinci?" Fom ɗin ba shi da layin wannan amsa. Kuma labarin da ke zuwa daga cibiyoyin killacewa ba mai sa mutum ya miƙa kansa ba ne. A farkon watan Mayu masu cutar da aka ajiye a Kwadon, kusa da Gombe, sun fito sun tare hanyar Biu suna kukan rashin kulawa, mutanen gari suka kewaye su suna kallo, wasu ma suna taya su.

A ƙarshen layi akwai wani nau'in da ba shi da yawa, amma akwai shi: mai biyayya. Ya ji a rediyo, ya yarda. Ya rubuta sunayen duk waɗanda ya gaisa da su, har da mai faci. Ya shiga ɗaki ya rufe, ana ajiye masa abinci a bakin ƙofa. Ya buga lambar da aka bayar, tana ta ƙara ba a ɗauka, don a lokacin ɗakin gwajin da Kano ta dogara da shi ya tsaya na wasu kwanaki. Kafin kwana uku labari ya zaga unguwa. Mai ruwa ya daina tsayawa a ƙofarsa, mai kanti yana karɓar kuɗin 'ya'yansa da leda a hannu, waɗanda ya ba da sunayensu suka daina amsa sallamar matarsa, mai facin ma ya aiko a gaya masa bai kyauta ba. Hajiya ta wuce ta ƙofar gidan a hanyarta ta zuwa buɗar kai, ta toshe hanci da mayafi. Ya cika kwana 14 cif, ya ƙara biyu don kore shakka, ya yi wanka ya koma kasuwa. Yana cikin auna wa wata mata gero wayarsa ta yi ƙara, wata murya mai ladabi ta tambaye shi ko yana gida, ga su nan tafe za su ɗauki samfur.