Na-Goggo, Ina Lakanin Ya Shiga?

Ranka ya daɗe Babban Firist, Na-Goggo mai kulki, barka da hutun dole. Ya jikin rawani?

Tun da muka fara buga Dungeons & Dragons a zauren nan, wasan da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, kowa ya zaɓi abin da ya dace da shi. Wani mayaƙi, wani matsafi, ni ɓarawo, don ban iya munafunci ba. Kai kuwa ka ce firist za ka zama, bawan Pelor, gunkin rana na cikin labarin, mai warkar da marasa lafiya kyauta. Kai da ko ragowar tuwo ba ka taɓa bayarwa kyauta ba! Na yi shiru ne kawai saboda Goggo.

Ba a yi zama uku ba ka sa wa warkarwa farashi. Mayaƙinmu yana kwance jina-jina, kana tsaye a kansa kana ciniki kamar dillalin awaki. Daga nan ka kwashe asusun haikalin wani ƙauye, wai ajiya. Alƙalin wasa bai ce uffan ba, ya dai rubuta wani abu a takardarsa. Da muka shiga kogon nan ƙwarangwal suka taso, ka miƙe har kana ture kofin shayi, ka ɗaga tambarin Pelor, ka jefa ɗan lido mai fuska 20. Ya ba ka 19. Alƙali ya kalli lidon, ya kalle ka, ya ce, "Babu abin da ya faru." Fuskarka a lokacin, taubashina, ko a kabari na tuna sai na murmusa.

Kada ka ce zalunci ne. Mu bugun 2003 muke bi, kuma a rubuce yake: firist ɗin da ya yi wa dokar ubangidansa karan tsaye ya rasa lakaninsa kaf, sai sulke da kulki za a bar masa. Hanyar dawowa ɗaya ce, kaffara. Sai ka nemo wani firist da ya kai mataki na 9 ya yi maka ita, kuma tunda da gangan ka yi ta'asar, shi zai yi asarar maki 500 daga aljihunsa. To wa zai yi maka? Kai da ka ci bashin kowa?

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne barazanar da ka koma yi, wai za ka kore mu daga jama'ar haikali. Da wane iko? A wasan nan iko biyu ne, kai ka cakuɗa su kamar fate. Manyan haikali suna iya tuɓe maka rawani, su rufe maka ƙofa, su hana a ba ka masauki ko magani a garuruwansu. Lakani kuwa ba a hannunsu yake ba, na ubangida ne. Ana iya korar mutumin kirki lakaninsa na nan daram, ana iya barin irinka a kan kujera hannu wayam. Kai ma dai ka yi sa'a, har yanzu labarin asusun bai kai musu ba. Bakina kuma alewa yake so.

Na ji kana zuga alƙali a koma duniyar Eberron, wadda Keith Baker ya ƙirƙiro aka buga a 2004. Wayo a banza! Na san abin da ka hango: a can gumaka ba sa leƙowa, firist ya lalace iya lalacewa lakaninsa bai goce ba. Amma ka karanta har ƙarshe kuwa? A ƙasar Thrane haikali ne ke mulki, kuma shugabarsa Jaela Daran yarinya ce 'yar shekara 11. Ka tsere wa Pelor ka je ka durƙusa gaban sa'ar autar gidanku. Ni dai zan biya kuɗin mota in je kallo.

Ba na ƙinka, ka sani. Daren da gubar gizo-gizo ta kusa kashe ɓarawona kai ka tashe shi, ko da yake har yau takardar bashin tana wurinka, da ruwa a kai. Ranar Asabar ka zo da wuri, ka taho da asusun mutane da ƙosai na ɗari biyar. Mayaƙi ya ce shi zai shiga gaba, kai ka riƙe mana fitila.