Yayin Shunayya Ya Hau Fuska

Akwai wani kamfani a Amurka mai suna Pantone, wanda duk shekara yake naɗa wa launi ɗaya sarauta. A 2018 ya naɗa shunayya mai duhu, a 2022 ya sake ɗauko ƙanwarta mai sirkin shuɗi. Ba a yi shawara da kowa a Kantin Kwari ba, amma mu masu biyayya ne. Launin ya bi ta leshi da mayafi da jaka, yanzu ga shi ya hau fuska: hoda shunayya, abin shafa wa kumatu shunayya, man leɓe mai ƙyalli shi ma shunayya. Wadda duk ta ce ba ta gane ba, sai a yi mata kallon 'yar ƙauye.

A yi wa hodar adalci, tana da aikin da aka yi ta dominsa. A ilimin launuka, shunayya kishiyar ruwan ɗorawa ce, in suka haɗu sai su kashe juna. Saboda haka aka tanade ta don farar fatar da ta yi rawaya-rawaya, a ɗan shafa kaɗan fuska ta washe. Baturiyar da ke tallarta a TikTok ciwonta take yi wa magani, kuma a gaban fitila mai zobe, da tacewar kyamara. Ita kuwa baiwar Allah mai wankan tarwaɗa, ko baƙa mai sheƙi, da ta ga bidiyon sai ta tura kuɗi ba ko tayi. Kaya suka iso, aka yaɓa da soso, fuska ta yi furu-furu kamar wadda ta kwana a gidan niƙa. Abin da hunturu ke yi mana kyauta daga Disamba zuwa Fabrairu, muna korarsa da man kaɗanya, shi ne yanzu ake biyan kuɗin jirgi a kawo.

Wurin biki ne asiri ke tonuwa. Yawancin irin wannan hoda akwai sinadarin silika a ciki, mai mayar da haske inda ya fito. Da ido ba laifi, amma da mai hoto ya haska fitila sai ƙasan ido ya yi fari fat, wuya na nan da launinsa na gado, fuska ta yi hijira. Dangin ango na duba hotuna suna tambayar wace ce wannan baƙuwar da ta zauna a kujerar amarya.

Duk da haka ba mai faɗa. Ƙawa ta duba, ta haɗiye dariya, ta ce, "Masha Allah ƙawata, yau kin kashe su!" Mai kwalliya ta riga ta karɓi kuɗinta, sai ta ce ai sai an jima hodar za ta kwanta. Maigida kuwa da aka tambaye shi, "Baban Amir, ya ka gani?" sai ya tuna tuwon dare bai sauka ba, ya gyara murya ya ce, "Ai ke komai kika sa kyau yake miki." Da ya fita kuma sai ya yi ta istigfari.

Gaskiya tana wurin kaka kaɗai. Tana ganin leɓen jikarta ya yi shuɗi-shuɗi yana ƙyalli sai ta dafe ƙirji: "'Yar nan, zo in taɓa jikinki. Zazzaɓi ne ko sanyi ya kama ki?" Kada a yi mata dariya, don ko a asibiti leɓe ya koma wannan launi, rugawa ake yi a nemo iskar numfashi. Tarihi ma yana bayanta. A 1856 wani saurayi ɗan Ingila mai shekara 18, William Perkin, yana ƙoƙarin haɗa kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, sai ya ɓige da samo rinin shunayya. Tun ran gini tun ran zane, launin nan da zazzaɓi tare aka gan su.

Ba wai shunayya ba ta karɓar baƙar fata ba ne. Mai duhu, mai sirkin ja, in aka ɗan goga a kumatu, kyau take yi ƙwarai, har ta fi yadda take yi wa masu tallar. Mai hasken nan mai kama da alli ce ke jawo magana. Kuma tun da kamfanin Fenty Beauty ya fito da launin shafe-shafen fuska har 40 a 2017, kamfanoni suka farga cewa mu ma mutane ne, ba wadda za ta ce ta rasa daidai da fatarta.

Don haka, 'yar'uwa, kafin ki tura kuɗi, ki gwada a gefen muƙamuƙi, ki fita tsakar gida ki duba madubi a hasken rana, sannan ki ɗauki hoto da fitila. In har yanzu kina shakka, kada ki tambayi ƙawa ko maigida. Ki kira ɗan autan gidan mai shekara biyar: in ya tsaya, kwalliya ta biya kuɗin sabulu, in ya ruga da gudu, ki nemi ruwa.